Igiya na sakin mini a ƙwallo na uku: yaushe ya kamata in sauya gefen allo?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Abuja ne, shekaruna 34, nauyina kilo 78. Na koyi zamiya a kan ruwa da allo ɗaya, wato silalom, lokacin da nake karatu a waje. Yanzu ranakun Asabar da sassafe muna fita tafki da jirgin wani abokina mai injin baya, kuma mun jera ƙwallaye shida da kanmu. Ƙafar hagu nake sawa a gaba, allona inci 67 ne, igiya mita 18.25, gudu kilomita 49 a awa. Ƙwallo na ɗaya da na biyu ina zagaye su lafiya, amma kafin in kai na uku na makara, in iso da gudun tsiya, igiya ta saki, sannan ta fizge ni har bayana ya amsa. Abokina ya ce in riƙa sauya gefen allo da wuri. Da na gwada sai na daina kaiwa ƙwallon ma gaba ɗaya. Wata huɗu ke nan ina tsaye wuri ɗaya, kuɗin mai kuma yana tafiya. Allon zan canza, ko wuƙar ƙarƙashinsa, wato ɗan faifan ƙarfen da ke ƙasan wutsiyar allo, zan taɓa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye kuɗin sabon allo, ka kuma mayar da sukuddireba cikin akwati. Inci 67 ya dace da nauyinka, kuma abin da ka bayyana ciwo ne da kusan duk mai koyon silalom yake fama da shi a wannan matakin. Abokinka ya ga alamar daidai: kana sauya gefe a makare. Maganin da ya ba ka ne bai cika ba, domin ya ce ka daina ja da wuri, bai faɗa maka inda za ka samo gudun da zai kai ka ƙwallo ba in ka daina ɗin.

Bari mu daidaita sunaye tukuna don kada mu ruɗe. Tudun ruwa biyu da jirgi yake bari a bayansa za mu kira su kunyoyi, kamar na gona: kunya ta farko ita ce wadda kake fara hawa, ta biyu wadda kake fita ta kanta, tsakaninsu kuma layin tsakiya ne, daidai bayan jirgi. Farin ruwan da ke wajen kowace kunya shi ne kumfa. Sandar da ake ɗaure igiya a jirgi turke ce, abin da kake riƙewa mariƙi.

Ka tuna lilon da yara ke ɗaurawa a reshen mangwaro. Yaron da ya iya lilo yana sa ƙarfinsa ne lokacin da yake gangarowa zuwa ƙasa. Da ya wuce ƙasan, sai ya bar gudun da ya tara ya ɗaga shi sama. Wanda ya tsaya jira sai lilo ya fara hawa sannan ya yi ta kokawa, igiyar kawai zai girgiza. Haka kake a bayan jirgi. Turke shi ne reshe, layin tsakiya shi ne ƙasan lilo. Daga inda ka gama zagaye ƙwallo zuwa layin tsakiya, jan jirgi yana ƙara maka gudu zuwa inda kake son zuwa. Daga tsakiya zuwa ƙwallo na gaba kuwa hawa kake yi, kuma duk jan da ka ƙara a nan gudu ne da zai iso tare da kai wurin da kake buƙatar ragewa.

Ga lissafin filin. A tsarin hukumar wasan ta duniya, IWWF, tsawon fili daga ƙofar shiga zuwa ta fita mita 259 ne (ƙofa ita ce ƙwallaye biyu da ake bi ta tsakaninsu a kowane ƙarshen fili). Kowane ƙwallo yana nesa da layin tsakiya da mita 11.5, na ɗaya a dama, na biyu a hagu, haka har shida, tsakanin ƙwallo da na gaba a tsaye mita 41, daga ƙofa zuwa ƙwallo na ɗaya mita 27. A gudun kilomita 49 jirgi yana cinye mita 41 a kimanin daƙiƙa uku. A cikin waɗannan daƙiƙa ukun za ka gama juyi, ka jingina, ka tsallake kunyoyi biyu, ka sauya gefe, ka miƙa hannu, ka fara wani juyin. Rabin farko na tara gudu ne, rabi na biyu na kashe shi. Idan ka ɓarar da rabin daƙiƙa a farkon, sai ka ciyo bashinta daga na biyun, kuma bashin yana hauhawa: kaɗan a ƙwallo na ɗaya, ya ƙaru a na biyu, a na uku ya zo karɓa. Shi ya sa kake ganin kamar na uku ne maƙiyinka. Laifin tun daga ƙofa ya faro.

Abin da muke kyautata zaton yana faruwa da kai, bisa bayaninka, shi ne wannan. Kana gama juyi sai ka fizgi igiya da dukkan ƙarfinka nan take, tun kana can gefe. A wurin nan jirgi ya fi ka ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ɗauke sako-sakon igiyar, sai ya tayar da kai tsaye, hannuwanka su rabu da jiki, ƙugu ya koma baya, ƙirji ya faɗo gaba. Kafin ka iso kunya ta farko allon ya kwanta a kan cikinsa maimakon gefensa. Allon da ya kwanta kuwa kunya tana cilla shi sama. Kana sauka sai ka ga ƙwallo ya yi maka nisa, sai ka sake jingina a bayan kunya ta biyu, ka ja har kusan kan ƙwallon. Ka iso da gudu fiye da na jirgi, a kan layi madaidaici, ba wurin juyawa. Ka taka wutsiyar allo ka murɗa, igiya ta kwanta a ruwa, jirgi ya ɗauke sako-sakon, bayanka ya biya. Da ka bi shawarar abokinka kuma, ja na biyun ka cire, na farkon yana nan a lalace, don haka ba abin da ya rage da zai kai ka mita 11.5.

To, amsar tambayarka ta yaushe. A igiya mita 18.25 da gudun 49, ka riƙe jinginarka cikakkiya har ka ratsa kunyoyi biyun, allon ya fara mirginawa zuwa ɗaya gefen yayin da kake sauka daga kunya ta biyu, ya gama kafin ka fita daga kumfa. Da zarar ka taka ruwa mai santsi a waje, ya kasance kana kan sabon gefe. Idan igiya ta gajarta ko gudu ya ƙaru, wurin yana matsowa ciki, har ƙwararru a gajeriyar igiya allonsu yana fara sauyawa tun daga layin tsakiya. Kada ka kalli bidiyonsu ka kwaikwayi wurin: su suna isa tsakiya da gudun da kai ba ka da shi tukuna. Amma a kowane mataki, jan da ya wuce kumfa ta biyu ja ne na wanda ya makara.

Sai dai sanin wurin ba zai amfane ka ba sai ka gyara abin da ke gabansa, domin sauya gefe mai kyau yana zuwa ne da kansa ga wanda ya iso tsakiya da gudu da tsayuwa. Tun ran gini ran zane.

Tsayuwar ita ce tushe, kuma a ƙasa ake koyonta. Ka ɗaure igiya da mariƙinta a jikin ginshiƙi mai ƙarfi, daidai tsayin ƙugu. Ka tsaya ƙafar hagu a gaba, ta dama a bayanta, a layi ɗaya kamar a kan allo, gefenka yana fuskantar ginshiƙin. Ka jingina nesa da shi, hannuwa a miƙe, mariƙi a ƙasa kusa da ƙugu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Idon sawu, ƙugu da kafaɗa su zama layi ɗaya. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, amma lanƙwasar ta fito daga idon sawun gaba, gwiwar gaba ta tura zuwa saman yatsu, ban da zama kamar mai neman kujera. Idan ka yi daidai za ka ji nauyin yana bi ta ƙashi zuwa tafin ƙafa, damtsenka ba ya aiki. Idan damtse da ƙasan baya ne ke ƙuna, ƙugunka ya gudu baya. Daƙiƙa ashirin kowane ɓangare, sau biyar, kullum. Ba ya cin ko lita ɗaya ta mai.

A nan za ka lura da wani abu. Da yake ƙafar hagu ce a gaba, ƙugunka yana buɗe ne zuwa dama. Idan kana tsallakawa daga dama zuwa hagu, jirgin yana ɓangaren da ƙugunka ke kallo, jinginar tana zuwa da sauƙi. Daga hagu zuwa dama kuwa sai ka juya ƙugu da gangan, in ba haka ba kafaɗarka ta rufe, gindi ya fita, ka karye a tsakiya. Wannan shi ne ɓangarenka mai rauni, kuma ka duba: shiga ƙofa zuwa ƙwallo na ɗaya, da tafiya daga na biyu zuwa na uku, duka daga hagu zuwa dama ne. Inda kake faɗuwa ke nan. A motsa jikin ginshiƙi ka ninka wa wannan ɓangaren lokaci. Ka turo ƙugun dama gaba har ya kusan taɓa mariƙi, kafaɗu biyu a daidaice, kada ta bayan ta nitse.

Abu na biyu shi ne yadda kake ɗaukar nauyin igiya bayan juyi, kuma nan ne haƙuri yake aiki. Ka bar allon ya gama juyawa, hancinsa ya ratsa ta ƙarƙashin igiya ya kalli ɗaya gaɓar, kafin hannunka na waje ya dawo kan mariƙi. Ƙugu ne yake zuwa wurin mariƙi, kada ka jawo mariƙi da hannu. Sannan jinginar ta riƙa ƙaruwa a hankali: idan ƙarfinka goma ne, ka fara da huɗu, shida a kumfa, tara a kunya ta farko zuwa tsakiya. Yawancin masu koyo suna yin akasin haka, goma a gefe, uku a tsakiya. Kusurwar da ka ɗauka a ƙarshen juyi ta zama wadda za ka iya riƙewa har tsakiya. Ƙaramar kusurwa da aka riƙe ta fi babba da jirgi ya ƙwace.

A kan kunyoyin, gwiwa ce take shanye duka, kamar sifirin na mota a hanyar da ta lalace. Jiki daga ƙugu zuwa sama ba ya motsi. Kada ka kalli kunyar. Duk wanda ya kalle ta sai ya ji tsoronta ya saki gefe, ita kuma allon da ke kan gefensa yanka ta yake yi, wanda ya kwanta ne take jifa da shi. Idonka ya kasance a sama, a gaɓar da kake dosa.

Yanzu sauyin kansa, wanda ya cancanci a tsaya a kansa.

Mutane da yawa suna zaton sauya gefe yana nufin ka tashi daga jingina ka faɗa ɗaya ɓangaren da kafaɗa. Mai yin haka yana kashe kansa ne: da zarar kafaɗa ta karkata zuwa jirgi, mariƙi ya bar ƙugu, igiya ta fara jan ka zuwa ciki, ka nufi ƙwallo kai tsaye a ƙuntace. A sauyi mai kyau, ƙafafu ne suke tafiya. Kana sauka daga kunya ta biyu sai ka sassauta gwiwoyi, ka bar allon ya wuce ta ƙarƙashinka ya fita waje, ya mirgina kan sabon gefe, alhali kafaɗunka suna nan a jingine nesa da jirgi, gwiwar hannu tana manne da rigar ruwa, hannu biyu suna kan mariƙi. Na ɗan lokaci, ƙasa da rabin daƙiƙa, allonka ya riga ya sauya amma samanka bai sauya ba. Wannan ɗan lokacin shi ne yake jefa ka waje, ya sa ka isa layin ƙwallaye tun ƙwallon yana gabanka da nisa.

Alamar da za ka riƙe ita ce igiya. Daga kunya ta biyu har inda za ka saki hannu, ya kamata ka ji ta a miƙe, tana ɗauke da kai, ba nauyi mai yawa amma ba sako-sako. Idan ka ji ta yi sanyi a hannunka tun kana cikin kumfa, ko dai ka miƙa wa jirgi hannuwanka, ko ka tashi tsaye. Ka ji nauyin musamman a hannun da ke baya, wanda zai rage a kan mariƙi lokacin juyi: idan kana tafiya dama, hannun hagu ke nan.

Sakin hannu kuma kada ka yi gaggawarsa. Masu koyo suna sakin hannun waje da zarar sun fita daga kunya, don sun ga ƙwararru suna juyi da hannu ɗaya. Ka riƙe da biyu har ka kusan kai faɗin ƙwallon, sannan ka saki, ka miƙa mariƙi a hankali zuwa gaba, wajen turke, a tsayin tsakanin ƙugu da ƙirji. Miƙawar kamar mai ba babba abu da ladabi, ban da cillawa. Hannun da ka saki ya tsaya kusa da ƙugu, kada ya yi sama kamar mai tsayar da tasi. Nauyi ya ɗan matsa ƙafar gaba don ƙarin allon ya shiga ruwa, shi ne birkinka. Wanda ya koma wutsiya hancin allonsa ne zai tashi, ya ƙi raguwa, ya ƙi juyawa.

A gaskiya ma, a igiyar da kake kai ba ka buƙatar miƙa mai tsawo. Don isa mita 11.5 da igiya mita 18.25, kusurwar da igiya za ta buɗe daga layin jirgi digiri 39 ne kawai. A mita 16 ta zama 46, a 14.25 kusan 54, a 13 ta kai 62. Daga mita 11.25 igiyar ba ta kai ƙwallon ba ma, jiki ne yake cike ragowar, kuma Nate Smith na Amurka ya kafa tarihi a 2013 da ƙwallo biyu da rabi a igiya mita 9.75, a gudun kilomita 58. Mun kawo wannan ne don ka ga kai wuri gare ka a yalwace. Juyi da hannu biyu ya ishe ka zagaye duka shidan.

Ga yadda muke so ka kashe man makonni huɗu zuwa shida masu zuwa, kuma mun san ba za ka so farkonsa ba: ka fita daga cikin ƙwallaye. Muddin ƙwallo yana gabanka, idonka zai koma kansa, jikinka ya koma tsohon hali.

Makonni biyun farko, a buɗaɗɗen ruwa, gudu 46. Ka fita gefen hagu kamar mita shida ko bakwai daga kunya, ka tsaya ka bi jirgi har gudunka ya daidaita da nasa, ka juya a hankali, ka jingina, ka ratsa kunyoyi biyu, ka sauya gefe, sannan kada ka juya. Ka bar gudun ya kai ka inda zai kai ka, ka tsaya, ka numfasa, ka sake daga wancan ɓangaren. Tsallakawa ɗaya, hutu, tsallakawa ɗaya. Abin aunawa shi ne yadda kake hawa gefen jirgi ba tare da ƙarin ja ba. Idan ka daina ja a kunya ta biyu kuma gudun ya ɗauke ka har ka ga gefen jirgin sosai, aikin gaban tsakiya ya yi kyau. Idan ka tsaya cak a bakin kumfa, ka koma ka duba tsayuwa. Sau biyu daga hagu a kan kowane ɗaya daga dama.

Mako na uku ka haɗa su, tsallakawa shida a jere, juyi da hannu biyu, kana ƙirga da baki: ɗaya, biyu a jingine, uku a sauya, huɗu, biyar a saki jiki, shida a juya. Ƙirgar ba ta agogo ba ce, kari ne kawai, don ka ji cewa lokacin shawagi bai gaza lokacin ja ba. Bayan nan ka koma fili a gudun 46, amma ka riƙa juyawa ta cikin ƙwallaye, mita biyu kafin kowanne, kuma kafin ka zo daidai da shi. Idan ka yi shida a haka igiya ba ta saki ko sau ɗaya ba, ka ƙara faɗi da kaɗan-kaɗan. Wata rana za ka ga ƙwallon ya shigo ta cikinka ba ka neme shi ba. Sai ka zagaye shida sau uku a jere a 46 sannan ka koma 49. Matakan gudun uku-uku ne, 46, 49, 52, 55, har 58 wanda shi ne ƙololuwar maza, mata kuma 55. Igiya ba a rage ta sai an gama da gudu.

Ƙofa tana da nata gyaran. Ka fita hagu da wuri, ka hau sosai har ka kai aƙalla faɗin ƙwallo na biyu, ka yi shawagi gudunka daidai da na jirgi da igiya a miƙe, sannan ka juyo a hankali kamar yadda ka koya. Wanda ya juyo daga kusa da kunya dole ya ja har bayan ƙofa, kuma ya shiga bashi tun kafin ƙwallo na ɗaya. A makonnin farko kada ka damu ko ka bi ta tsakiyar ƙofar. Ka wuce ta gabanta in ta kama, kari ya fi ta muhimmanci yanzu.

Kowace fita kada ta wuce zagaye shida zuwa takwas, da hutun minti ɗaya a ruwa tsakaninsu. Bayan nan hannu ya gaji, kuma gajiyayyen jiki kuskure yake haddacewa.

Ka sa mai lura da ke cikin jirgi ya ɗauke ka da waya daga kusa da turke, a yanayin ɗauka mai tafiyar hawainiya. Gani ya kori ji. Ka tsayar da hoton a wuri uku. A kunya ta farko: akwai haske tsakanin mariƙi da ƙugunka? Idan tazarar ta wuce taƙi ɗaya, nan ne aikin. A kunya ta biyu: cikin allon kake gani ko samansa, kuma gwiwar hannu tana jikin riga? Sai wurin da feshin ruwa ya koma ɗaya gefen allon, wanda shi ne ainihin inda ka sauya. Yawancin mutane suna rantsuwa a kunya suke sauyawa, hoto ya nuna mita huɗu a waje.

Akwai kuma abin da ba laifinka ba, tunda jirgi mai injin baya kuke amfani da shi. Jiragen gasa injinsu a tsakiya yake, turkensu a tsakiya, kunyarsu ƙarama, kuma na'ura irin Zero Off ce take riƙe gudu da tauraron ɗan'adam. Naku kuwa hannun abokinka ne na'urar. Mutum mai kilo 78 da ya jingina sosai yana iya rage wa ƙaramin jirgi gudu ya kuma ja gindinsa gefe. Idan direba ya bari gudu ya faɗi lokacin da kake ja, sannan ya taka mai bayan ka wuce tsakiya, to ya ba ka gudu a daidai inda ba ka so, kuma ko ƙwararre sai ya makara. Ya ƙara mai kaɗan a lokacin da ka fara jingina, ya sassauta da ka ratsa, ya riƙe sitiyari a layi, idonsa a kan wata alama a gaɓa. Ku auna shi da agogo: daga ƙofa zuwa ƙofa daƙiƙa 19.03 ne a gudun 49, daƙiƙa 20.27 a 46. Ma'aunin gudun jirgin kada ku yarda da shi sai kun gwada da na waya. Ku rage mutane su zama direba da mai lura kawai, ku daidaita nauyi dama da hagu don kunyoyin su zo daidai, ku sauke kan injin ƙasa don hancin jirgi ya kwanta. In igiyar a gindin jirgi kuke ɗaure ta, ƙasa-ƙasa, hakan ma yana jan ka gaba yana wahalar da tsayuwa. Turke mai kyau da aka kafa da ƙarfi ya fi sabon allo amfani a wurinku.

Tunda ku kuka jera ƙwallayen, ku sake auna su da igiyar awo. Kuskuren mita ɗaya a faɗi ya isa ya sa ka yi wata huɗu kana zargin kanka. Ƙwallon roba mai laushi za ku sa, da roba mai talewa a ƙasansa don ya nitse in allo ya taka shi. Jarka ko galan mai tauri kan iya karya idon sawu.

Wuƙar ƙarƙashin allo kuwa, ka mayar da ita kan awon da masana'anta suka bayar, takalmin gaba ma haka, ka bar su. Gyaranta da ɗigo-ɗigon inci ake yi da ma'auni na musamman, kuma tana gyara halin allo ne ga wanda tsayuwarsa ba ta canzawa daga zagaye zuwa zagaye. Abu ɗaya da za ka iya yi: idan akwai ɗan fiffike a jikinta, ka kwance shi. Birki ne da aka yi wa masu gudu 55 da 58 a gajeriyar igiya, a 46 da 49 gudun da kake nema yake ci.

Batun bayanka kada ka raina shi. Idan igiya ta saki da yawa, ka saki mariƙin, ƙwallo ɗaya bai kai ƙashin baya ba. Kada ka taɓa zura hannu cikin kusurwar mariƙi ko ka naɗe igiya a hannu. In ciwon yana sauka ƙafa, ko kana jin dindiris, ka ga likita kafin ka sake shiga ruwa. Rigar ruwa a jiki kullum, mai lura dabam da direba kullum, kuma ku zagaya filin a hankali kafin fara gudu, saboda ragar masunta da masu kwale-kwale da abin da ruwan sama ya kwaso. Sassafen da kuke fita shi ne daidai, kafin iska ta tashi. A watannin hunturu, Disamba da Janairu, ka ɗumama jiki minti goma a gaɓa kafin ka shiga, hazo kuma in ya rufe har direba ba ya ganin ƙarshen fili, ku haƙura. Da damina, in an fara walƙiya a fita daga ruwa. Ruwan tafki a ƙasarmu kuma yana iya ɗauke da tsargiya, don haka mai shiga duk mako ya riƙa yin gwaji lokaci-lokaci, musamman in ya ga jini a fitsari.

Ranar Asabar mai zuwa ka ce wa abokinka ya sa 46, ku wuce ƙwallayen ku tafi buɗaɗɗen ruwa, mai lura ya riƙe waya. Tsallakawa goma sha biyu, takwas daga hagu, huɗu daga dama, da tunani ɗaya tak a kanka: gwiwar hannu a jikin riga har ka fita daga kumfa. Ka turo mana hoton da aka tsayar a kunya ta farko, daga nan za mu san abin da ke biye.